Yadda Za Ka Zaɓi Kamshaf da Sifirin Bawul Ga Motar Da Kake Hawa Kullum

Kamshaf, ko kam a taƙaice, wato sandar nan mai tozaye da ke juyawa cikin inji tana buɗe bawul ɗin shan iska da na fitar da hayaƙi, shi ne ke yanke wa inji halinsa. Shi ke cewa bawul ya buɗe a lokaci kaza, ya nutse zurfi kaza, ya jima kaza kafin ya rufe. Canjin salansa ko matatar iska ba ya taɓa mota kamar yadda canjin kam ke taɓa ta, shi ya sa duk wanda ya shiga harkar ƙara wa inji ƙarfi, ko ba jima ko ba daɗe sai magana ta kawo shi nan.

Wannan jagora ta mai mota ɗaya ce. Da ita zai kai yara makaranta da safe, da ita zai tsaya a cunkoson Ƙofar Ƙaura da azahar esi a kunne, da ita kuma zai miƙa hanyar Daura ranar Asabar yana so idan ya taka ta amsa masa. Irin wannan mota ƙaramin kam take buƙata, wato wanda ba ya barin bawul ya jima a buɗe, da sifirin mai mayar da bawul ya rufe wanda aka auna aka ga ya yi daidai da shi. Babban kam yana da daɗin ji a bidiyo, amma ƙarfinsa yana can saman agogon juyin inji inda ba ka cika zuwa ba, abin da zai ƙwace maka kuwa yana ƙasa, inda kake tuƙi kullum.

Mataki na farko: lura da agogon juyi

Kafin ka tambayi farashin komai, yi mako guda kana lura da allurar rpm. A cikin gari za ka ga tana yawo tsakanin 1,000 da 2,500. A hanyar Kano, kana gudun kilomita 110 zuwa 120, injin silinda huɗu yakan zauna wajen 2,500 zuwa 3,000. Sai za ka wuce tirela take leƙa 5,000, shi ma na 'yan daƙiƙu. Kowane kam na kirki ana sayar da shi da iyakar juyin da yake aiki a ciki, misali 1,500 zuwa 6,000, ko 3,500 zuwa 8,000. Lambar farko ita ce taka. Idan ta haura 2,000, ajiye shi ka duba na ƙasa da shi.

Mataki na biyu: san injinka, ka tabbata lafiyarsa ƙalau

Kam ba ya warkar da gajiyayyen inji. A auna matsin kowace silinda. Bai kamata bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100 ba. Idan motar na shuɗin hayaƙi ko tana shan ruwa, wannan za a fara gyarawa. A wanke lagireto, a mayar da tamostat idan an cire, domin kanikawanmu da yawa sun saba cire shi da sunan maganin zafi, alhali inji yana buƙatarsa don ya zauna a zafinsa na aiki.

Akwai tambayar da ba na so ka manta: an taɓa yanke kan injin nan? Motar da ta taɓa tafasa, sau da yawa an kai kan injin an goge fuskarsa. Wannan yana kusanto da bawul ga fistin, yana ƙara matsi, a injin da kam ke sama kuma yana ɗan jinkirta tayimin. Duk awon da ke takardar kamfanin kam an yi shi ne a kan injin da ba a taɓa ba.

Sai ka san yadda kam ɗinka ke danna bawul. A tsofaffin injina irin na Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, da yawancin V8 na Amurka, kam yana cikin bulok, yana tura tafet, tafet ya tura sanda, sanda ta tura roka. A Golf 3 mai bawul takwas, kam yana sama yana taka kofi mai cike giɓi da kansa ta hanyar mai. Corolla mai injin 1ZZ-FE da Camry mai 2AZ-FE su ma kofi ne, amma nasu ba ya cike giɓi da kansa, ba kuma a juya masa noti. Canza kofin ake yi da mai kaurin da ya dace. Don haka idan ka sa musu kam da aka sake sassaƙawa daga tsoho, wanda bayansa ya rage, sai ka nemi sababbin kofuna, ka kuma tabbata za su samu kafin a kwance inji.

Masu Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake ce wa EOD (ta 2006 da 2007 kuma DC), su yi hattara sosai. Injinta mai lita 2.4 samfurin Amurka yana da i-VTEC, wato tsarin Honda na sauya yadda bawul ke buɗewa, amma irin na tsimin mai ne, a ɓangaren shan iska kaɗai, tozo biyu ga kowace silinda. Injin K24A2 na Acura TSX tozo uku gare shi a kam ɗin duka biyu, shi ya sa yake ba da ƙarfin doki 200 inda na Accord ta 2003 ke ba da 160. Yawancin kam ɗin da za ka gani a intanet an rubuta na injin K, na mai tozo uku ne. Ba zai yi aiki a kan injin EOD ba sai an canza kan injin ko rokokinsa. Karanta lambar da ke jikin bulok kafin ka tura kuɗi.

Mataki na uku: karanta katin kam

Kam na gaske yana zuwa da kati mai lambobi. Wanda bai zo da kati ba, komai arahar da aka yi maka, bar shi. Kada kuma ka dogara da rubutun mataki na ɗaya, na biyu, na uku (Stage 1, 2, 3) da kamfanoni ke yi wa kam. Ba ma'auni ba ne, na ɗayan wani yana iya zama na biyun wani. Lambobi uku za ka duba.

Ta farko ita ce tsawon buɗewa, wato digiri nawa kiranshaf ke juyawa bawul yana buɗe. Nan ake ruɗar mutane, domin lamba biyu ake bayarwa. Ta talla ana fara ƙirga ta tun bawul bai ko motsa sosai ba, kowane kamfani da inda yake farawa. Ta gaskiya ita ce wadda aka auna a ɗagawar inci 0.050, wato milimita 1.27, yadda Amurkawa ke yi, ko a milimita 1 yadda ake yi a Turai da Japan. Kam da aka tallata da 268 yana iya zama 224 a awon 0.050. Kwatanta kam biyu da awo iri ɗaya kawai.

Dalilin da tsawon buɗewa ke cin ƙarfin ƙasa ba ɓoyayye ba ne. Bawul ɗin shan iska ba ya rufewa da zarar fistin ya kai ƙasa, yakan jira fistin ya ɗan fara hawowa. Idan inji na gudu da sauri, iskar da ta taho da ƙarfi tana ci gaba da cusa kanta ciki duk da fistin ya juyo, silinda ta cika fiye da kima, ƙarfi ya ƙaru. Idan kuwa inji na tafiya a hankali, iskar ba ta da wannan ƙarfin, sai fistin ya koro ta ta inda ta shigo. Da ka ƙara tsawon buɗewa, ka ƙara jinkirin rufewar, ka ƙara abin da ake korowa a ƙananan juyi. Ƙiyasin da maƙera kam suka saba bayarwa shi ne, kowace digiri 10 da aka ƙara tana ɗaga wurin ƙarfin inji da kusan juyi 500. A V8 mai lita 5.3 irin na manyan motocin GM, wanda kam ɗinsa na asali ke wajen 190, abin da bai wuce 205 zuwa 215 ba ya wadatar da motar yau da kullum. Ƙaramin inji ya fi jin nauyin kam: tsawon da lita 5.7 zai haɗiye lafiya, lita 1.8 zai yi ta kakari da shi. A silinda huɗu, tsaya a mafi ƙanƙanta ko na biye da shi a jerin kamfanin.

Ta biyu zurfin buɗewa. A inji mai roka, sai ka ninka tsayin tozo da ninkin roka: tozo mai inci 0.320 a roka mai ninki 1.7 yana nutsar da bawul 0.544. Ƙarin zurfi yana ba da ƙarfi ba tare da ya ɓata silo sosai ba, wato juyin inji idan ba a taka totur ba, amma shi ne ke wahalar da sifirin. Kam mai ɗaga bawul da garaje ya sauke shi da garaje yana gajiyar da sifirin da wuri, yana kuma sa ƙarar tafet. Motar da ake so ta yi shekaru, mai tozo mai sauƙin hawa take so.

Ta uku ita ce tazarar da ke tsakanin tozon shan iska da na fitar da hayaƙi, a katin za ka ga an rubuta LSA. Akwai ɗan lokacin da bawul biyun suke buɗe tare, na hayaƙi bai gama rufewa ba na iska ya fara buɗewa. Idan tazarar ta matse, kamar digiri 106 zuwa 110, lokacin yana tsawo, hayaƙi ya riƙa komawa cikin silinda a silo, a sami wannan ƙugin mai tsalle-tsalle da samari ke so. Wannan ƙugin alamar inji ne da ba ya ƙona mai daidai. Ga mota mai injekta, nemi 112 zuwa 116. Inji mai tabo (turbo) ma faɗin yake so.

Abin ya shafi har birki. Inji mai lafiya yana zuƙar iska a silo da ƙarfin inci 17 zuwa 21 a agogon awon zuƙa, da wannan zuƙar ce kuma tukunyar birki ke taimakon ƙafarka. Katsina tana wajen mita 500 sama da teku, don haka tun ba a taɓa komai ba agogon zai nuna ƙasa da na Legas da kusan inci ɗaya da rabi. Babban kam yana iya sauko da shi 12 ko ƙasa, birki ya yi tauri a daidai lokacin da ɗan adaidaita ya yanko gabanka. Garin neman gira kada a rasa ido. Tambayi mai sayarwa nawa kam ɗin ke bari a silo, ka nemi wanda ba zai gaza 15 ba.

Mataki na huɗu: fetur, giya da ƙwaƙwalwar mota

Babban kam yana zubar da matsi a ƙasa, maganinsa a ƙara matsin inji, ƙarin matsi kuma yana son fetur mai oktan sosai. Kamfanonin Amurka da na Turai suna lissafi da fetur mai lamba 93 a famfonsu ko 98 a na Turai. Mu nan iri ɗaya ake sayarwa a gidan mai, bai kai wancan ba, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Bar matsin injinka yadda kamfani ya yi shi, ka zaɓi kam da ya yarda da hakan. Idan ka taka a babbar giya ka ji ƙarar ƙas-ƙas daga inji, fetur ne ke fashewa ba bisa tsari ba, kuma yana cin fistin; ɗaga ƙafa, a je a duba tayimin.

Mai otomatik ya fi mai manuwal takura. Kwanbatar asali, wato abin da ke haɗa inji da giyar otomatik, an yi ta ne don injin da ke da ƙarfin ja tun daga ƙasa. Da babban kam, motar za ta riƙa karkarwa a danja, ta mutu idan esi ya kama. Ana canza kwanbata, amma wadda ake sawa tana ƙara wa man giya zafi, abin da ba ma buƙata a nan. Nemi kam da aka rubuta yana aiki da kwanbatar asali.

Ƙwaƙwalwar mota kuma da lissafin tsohon kam take ba da mai. Injinan da ke gane yawan iska ta hanyar auna zuƙa sun fi saurin rikicewa idan aka canza kam. Akwai na'urorin sake saiti, irin Hondata da KTuner na Honda, ko HP Tuners na motocin Amurka, sai dai na'ura ba ta aiki sai da gwani. Ka san wanda zai yi maka saitin tun kafin ka yi oda. Idan babu shi kusa, ɗauki kam da kamfaninsa ya ce yana tafiya da saitin asali.

Mataki na biyar: sifirin bawul

Kam buɗewa kawai yake yi, sifirin ke rufewa. A juyi 6,000, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Idan sifirin ya yi laushi, tafet ya rabu da tozo, bawul ya yi ta shawagi ko ya daki mazauninsa ya yi tsalle. Ƙarfi ya yanke a sama, wata rana kuma ya gamu da fistin. Idan ya yi tauri fiye da kima, yana cinye tozo da tafet, yana gajiyar da gaid, yana wahalar da sarƙar tayimin. Masu cewa a sa mafi ƙarfi don a huta ba su taimake ka ba. Daidai ruwa daidai tsaki: abin da katin kam ya nema, shi za a sa, kuma sabo. Sifirin da ya yi shekara goma sha biyar yana shan zafi ba shi da ƙarfin da ke rubuce a littafi.

Lambobi huɗu ne a takardar sifirin: tsayin ɗauri, wato tsayinsa idan an ɗaura shi bawul na rufe, matsin zama a wannan tsayin, taurinsa, wato fam nawa ake ƙarawa a kowane inci, da tsayin da zobbansa ke haɗewa ya zama dunƙulen ƙarfe. Ga yadda ake lissafin. A ce tsayin ɗauri inci 1.800, matsin zama fam 120, tauri fam 320 a inci, haɗewa a 1.100, kam kuma yana nutsar da bawul 0.550. Matsin buɗe shi ne 120 a tara da 320 sau 0.550, ya ba da fam 296. Tsayinsa a buɗe 1.800 a cire 0.550, saura 1.250. Tsakaninsa da haɗewa akwai 0.150, lafiya lau. Da kam ɗin mai 0.650 ne, da ragowar 0.050 ce, ta gaza ƙa'idar 0.060, wato milimita ɗaya da rabi. Sifirin da ya haɗe yana lanƙwasa sanda, ya karya roka, ko ya share tozo cikin mintuna.

A V8 mai tafet mai shafaffiyar ƙasa, matsin zama yakan kasance fam 100 zuwa 120, na buɗe bai cika wuce 300 ba. Mai tafet mai ƙafar taya yana ɗaukar 120 zuwa 150 a zama. Injin silinda huɗu mai bawul 16 ƙananan bawul gare shi marasa nauyi, lambobinsa sun yi ƙasa da waɗannan nesa, kada ka ɗora masa su.

Wajen siffa, akwai mai tsukakken kai wanda hularsa, wato faifan da ke riƙe shi a saman bawul, ƙarama ce mara nauyi, yana riƙe bawul da kyau ba tare da matsi mai yawa ba. Shi nake fifitawa ga ƙaramin kam. Akwai mai biyu, ɗaya cikin ɗaya, wanda idan guda ya karye ɗayan kan hana bawul faɗawa silinda, amma wani lokaci sai an sassaƙe masa mazauni. Hula kuwa ɗauki ta baƙin ƙarfe. Ta titaniyam ta tsere ce, sifirin yana cin ta a hankali, tana buƙatar a riƙa buɗewa ana dubawa. Hula, makullan bawul da sifirin su zama 'yan gida ɗaya, domin kusurwar makullai ta bambanta, akwai mai digiri 7 akwai mai 10, ba sa shiga juna. Idan kamfanin kam, ko Comp Cams ne ko Skunk2 ko Kent ko Schrick, ya ambaci lambar sifirin da ya dace, sayo su tare. Gasket da sil da bel ana samunsu a Katsina ko a Ƙofar Ruwa a Kano, amma sifirin kwance daga tsohon inji ba na wannan aikin ba ne.

Mataki na shida: awo kafin a rufe inji

Nan ne za ka zauna da bakanikenka. Faɗa masa da ladabi tun farko: "Maigida, aikin nan na awo ne, zan biya kuɗin lokacinka, kada mu yi sauri." Wanda ya ce idonsa ya isa, nemi wani.

A auna tsayin ɗauri na kowane bawul ɗaya bayan ɗaya, domin idan an taɓa gyara mazaunin bawul tsayin yana canzawa. Kada ya kauce wa na takarda da fiye da rabin milimita. Idan ya yi tsawo, ana sa washa ta musamman a ƙasa, masu kaurin 0.015, 0.030 ko 0.060. A misalinmu na sama, washa mai 0.030 tana ƙara kusan fam 10, tana kuma cin 0.030 daga ragowar haɗewa, sai a sake lissafi. Kan inji na alminiyam dole a sa faifan ƙarfe ƙarƙashin sifirin. A duba tsakanin ƙasan hula da sil ɗin bawul idan bawul ya nutse duka, a bar aƙalla milimita ɗaya da rabi.

Sai tsakanin bawul da fistin. A manna laka irin ta wasan yara a kan fistin, a ɗora kan inji da tsohon gasket, a ɗaura tayimin, a juya inji da hannu zagaye biyu, a buɗe a yanka lakar a auna kaurin inda bawul ya taka. Ana son milimita 2 a na shan iska, 2.5 a na hayaƙi. Idan tafet mai aiki da mai ne, yakan lotse ya ba da awon ƙarya, sai a yi gwajin da wanda ba ya lotsewa. Inji mai VVT-i ko i-VTEC yana gusar da kam ɗin shan iska gaba yana cikin tafiya, don haka a auna har da inda kam ya gusa iyakarsa. Idan ana juyawa aka ji ya cije, a tsaya, kada a tilasta.

A ƙarshe a saita giɓin bawul inji na sanyi, da lambar da ke katin sabon kam.

Mataki na bakwai: tashin farko da kulawa

Idan tafet mai shafaffiyar ƙasa ne, sabon kam sabon tafet, babu sassauci. A shafe tozaye da man ɗauri, a zuba baƙin mai mai yawan sinadarin zinc, domin man zamani irin na injinan yau an rage masa shi saboda matatar hayaƙi. Idan sifirin mai biyu ne, a cire na ciki sai an gama horo. Inji na tashi a kai shi 2,000 zuwa 2,500, ana ɗan hawa da sauka na minti 20 zuwa 30, ba a barinsa a silo, domin man da kiranshaf ke fantsamawa shi ke jiƙa tozaye. Yi wannan da sassafe, da fanka a gaban lagireto. Daga nan a juye mai a canza filta.

Mai ƙafar taya ba ya buƙatar wannan horon, amma sabon sifirin yana so a ɗumama inji ya kai zafinsa, a kashe, a bar shi ya huce sarai kafin a fara taka shi. Ko bayan nan, kada ka kai allura sama inji na sanyi, musamman da asubar hunturu. Bar akwatin matatar iska na asali. Buɗaɗɗiyar matata tana shan iska mai zafi daga cikin bonet, ƙurar Disamba da Janairu kuma tana cin bawul da zobe. Man awo na bakin titi ba na wannan injin ba ne.

Bayan kilomita dubu ta farko a buɗe murfi a sake duba giɓi. Giɓin da ke ta ƙaruwa a bawul ɗaya alamar tozo ne ke cinyewa, a tsaya a duba kafin garin ƙarfe ya zagaye inji. Idan motar da ta saba kaiwa 6,500 lafiya ta fara sarƙewa a 5,800, sifirin ya fara gajiya, a canza su duka, ba guda ɗaya ba. Katin kam da takardar awon da kuka yi a ajiye su cikin takardun mota, tsohon kam kuma a shafe shi da mai a naɗe, domin ranar da za ka sayar da motar mai saye yana iya cewa a mayar masa da na asali.